Baƙin Mai da Ƙaddara: Wa Ya Kashe Injin Ban Ruwa?

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, duk wanda ya ratsa fadamun Jega da Aliero da Maiyama da sassafe, har zuwa ƙauyuka irin su Fagada, ƙarar injin ban ruwa ce za ta fara tarbarsa kafin muryar mutum. Albasar da ta yi wa Aliero suna a kasuwannin Najeriya, da shinkafar rani ta bakin Gulbin Gindi, da tattasai da tumatir na garake, duk sun rataya a wuyan wannan ɗan inji da ake ɗaurewa a bayan babur. Da jigo da guga kakanni suka yi wannan aiki. Tun daga shekarun 1980, da shirye-shiryen raya noma suka kawo rijiyoyin bututu, sannan shirin Fadama na ƙasa da Bankin Duniya ya tallafa ya biyo baya a 1993, inji ya karɓe shi. Albasa kuwa saiwarta ba ta nisa cikin ƙasa, ba ta jure ƙishi, don haka ranar da inji ya buga a tsakiyar Janairu, gumin wata uku ne ya shiga haɗari. Maganar da ake yi a irin wannan rana sananniya ce. Mai inji ya ce ƙaddara ce, masu jaje su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wani dattijo ya ƙara da cewa ai komai yana da kwanansa. Sai a kai wa makanike, ya kwance, a tarar man da ke ciki ya yi baƙi ƙirin ya cakuɗe da datti, ko kuma babu shi ma gaba ɗaya.

Babu Musulmin da zai yi jayayya da masu jajen nan a kan asalin maganarsu. Yarda da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, ɗaya ce daga shika-shikan imani shida, kuma bugawar inji ba ta fita daga sanin Allah da nufinsa ba. Tambayar da ta rage ita ce ko wannan gaskiya tana sauke nauyi daga kan wanda bai duba mai ba, da wanda ya zuba wanda bai dace ba, da wanda ya sayar da gurɓatacce. Ra'ayina shi ne ba ta saukewa, kuma littattafan da ake karantawa a zaurukan ƙasar Gwandu sun daɗe da yanke wannan magana. Har ma'aunin da za a zaɓi mai da shi suna ɗauke da shi, ko da yake marubutansu ba su taɓa ganin inji ba.

Hukunci a kan abu yana zuwa ne bayan an fahimci abin, saboda haka a fara duba aikin da man yake yi. Yawancin injinan fadamunmu ko dai Honda GX160 ne da danginsa, ko kwafinsa da ake ƙerawa a Sin. Idan aka sakar masa wuta yana juyawa har sau 3,600 a minti ɗaya, fistin yana kai da komo cikin silinda, kuma abin da ya hana ƙarfe cin ƙarfe shi ne wata siririyar shimfiɗar mai da ido ba ya gani. Irin wannan inji ba shi da famfon tura mai, ba shi da matatar mai irin ta mota. Wani ɗan harshen ƙarfe ne a gindin sandar fistin yake tsoma kai cikin man yana watsa shi sama. Dukan man da cikin injin ke ɗauka kusan lita 0.6 ne, wato ya ɗara rabin lita da kaɗan, kuma wannan ɗan man ne zai raba ƙarafa, ya kwashe zafi, ya riƙe dattin ƙuna, ya toshe gefen ringi. Iska ce ke sanyaya injin, don haka man yana shan zafi sosai. Duk ƙurar hunturun da ta kuɓuce wa matatar iska cikin man take ƙarewa, kuma tun da babu abin da zai tace ta, tana nan tana zagayawa tana goge ƙarfe har ranar da aka yi juye. Wannan ya sa kamfanin Honda ya rubuta a littafin injin cewa a zubar da man farko bayan awa 20 na aiki, daga nan duk bayan awa 100 ko wata shida, kuma a yawaita wanke matatar iska a wuri mai ƙura. Manomin da ke ba da ruwa awa biyar kullum ya cika awa 100 cikin kwana 20.

Sai batun sanyi. Kowace uwargida ta san man shanu yana sandarewa a safiyar hunturu, rana ta ɗaga ya narke, kuma baƙin mai ma ɗabi'arsa ke nan: sanyi ya ƙara masa kauri, zafi ya tsinka shi. Wannan ɗabi'a lambobin jikin galan suke aunawa, bisa ma'aunin ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, wadda ta fara rarraba mai gwargwadon kaurinsa tun 1911. A 15W-40, lambar da ke tare da W tana faɗin yadda man ke gudu cikin sanyi, ta ƙarshe kuma kaurinsa a zafin digiri 100. Ana gwada 20W a digiri 15 ƙasa da sifili, 15W a 20, 10W a 25, shi kuwa 0W a digiri 35 ƙasa da sifili. A Kanada, inda Joseph-Armand Bombardier ya fito da Ski-Doo a 1959, wato babur mai tafiya a kan dusar ƙanƙara, mutum yakan tayar da inji cikin sanyin digiri 30 ƙasa da sifili, a daji nesa da gari. Idan ya zuba man da ke daskarewa, ko dai injin ya ƙi tashi, ko ya tashi a bushe, kuma ƙin tashinsa na iya zama ajalin mai shi. Shi ya sa mutanen can suke neman 0W-40 da makamantansa. Mu a Kabi, sanyin Disamba da Janairu da ke sa a hura wuta a ƙofar gida da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10 a saman sifili, zafin Afrilu kuwa yakan haura 40. Gaskiyar magana ita ce hunturunmu ba zai daskarar da mai ba. Abin da yake yi ya fi haka ɓoyuwa. Mai mai kauri ƙwarai, ko tsohon man da datti ya ƙara wa nauyi, ba ya fantsama yadda ya kamata a mintunan farko na asuba, lokacin da ƙarafa suka kwana man ya tsiyaye daga jikinsu, sannan injin nan dai shi zai yi aiki cikin zafin azahar. Don irin wannan tazara aka ƙirƙiro mai mai lamba biyu. Honda ta ba da shawarar 10W-30 don aikin yau da kullum, ta kuma yarda da SAE 30 inda sanyi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba.

To ina addini ya shigo? Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, a babin tauhidi da tawakkali na Ihya'u Ulumiddin, ya kasa sabubba gida uku. Akwai sababin da babu shakka a kansa, kamar ruwa ga mai ƙishi da abinci ga mai yunwa. Akwai wanda zato ya rinjaya a kan amfaninsa, kamar magungunan da likitoci suka jarraba. Akwai kuma na wahami, wanda amfaninsa tsammani ne kawai. Game da na farko ya nuna cewa mai yunwar da aka ajiye wa abinci a gaba, ya ƙi miƙa hannu yana cewa ya dogara ga Allah, bai san tawakkali ba, hankalinsa ne ya taɓu. Na biyu riƙo da shi ba ya rage tawakkali. Na uku kuwa barinsa shi ne ya dace da mai dogaro ga Allah. Idan aka ɗora injin ban ruwa a kan wannan sikeli, komai sai ya koma wurinsa. Kasancewar mai a cikin inji sababi ne na gida na farko, domin injin da aka tayar babu mai ba ya daɗewa zai kama, ko na malami ne ko na jahili. Zare ɗan sandan awo a duba kowace safiya, aikin da bai kai minti ɗaya ba, yana bin wannan hukunci, musamman ga tsohon inji mai shan mai, da wanda aka girke a karkace a bakin rijiya. Yin juye a kan lokaci, da zaɓen lambar da ta dace, da wanke matatar iska, sabubba ne na gida na biyu. Ba su ba da tabbacin cewa inji ba zai lalace ba, amma jarrabawar shekaru ta nuna wanda ya kiyaye su injinsa ya fi daɗewa.

Gida na uku ma yana da mutanensa a kasuwar Jega, kuma sun fi yadda ake zato yawa. Daga ciki akwai mai murza mai tsakanin yatsu biyu ya ce wanda ya fi kauri shi ne mai kyau, alhali SAE 40 da 15W-40 kaurinsu ɗaya ne idan inji ya yi zafi, bambancinsu a sanyi ne, kuma a nan wanda ya fi tsinkewa a yatsa shi ya fi saurin isa inda ake buƙatarsa. Akwai mai zaɓe da launin galan. Akwai kuma mai hali da zai sayi 0W mai tsada ya zuba wa injin ban ruwa don an ce shi ne na Turawa, ya biya kuɗin kariya daga sanyin da bai taɓa sauka a Kabi ba. A nan ne ma'aunin Gazali ya nuna kaifinsa, domin mai guda yana sauya gida idan ya sauya ƙasa. Man da ya zama sababin dole ga mai babur ɗin ƙanƙara a Kanada, a Fagada ƙari ne da bai zama dole ba. Addini bai ambaci lambar mai ba kuma ba zai ambata ba. Abin da ya ɗora wa mutum shi ne ya dubi wurinsa da lokacinsa da irin injinsa. Ko cikin gari ɗaya ma abin ya bambanta: babur ɗin kabu-kabu kulocinsa cikin man inji yake wanka, don haka yana buƙatar mai mai alamar JASO MA, wasu mayukan mota kuwa suna sa kulocin zamewa.

Mai karatu zai iya cewa ai Gazalin da aka kafa hujja da shi bai haramta barin sababin gida na biyu ba, har ma ya ce ga wasu bayin Allah barinsa ya fi. Haka ne, kuma ɓoye wannan ba adalci ba ne. Sai dai ya yi wannan rangwame ne ga mutum a kan kansa, wanda ya horar da zuciyarsa har za ta iya ɗaukar yunwa ba tare da ƙorafi ba, kuma ya bayyana cewa mai iyali ba shi da ikon tilasta wa iyalinsa irin wannan haƙuri. Manomin albasa yana da mata da 'ya'ya, sau da yawa da bashin taki da na iri a wuyansa, wani lokaci ma injin na haɗin gwiwa ne. Kuma ba shi ne mai haƙurin da Gazali ya siffanta ba, tun da ranar da injin ya buga an ji kukansa har maƙwabta. Bayan wannan ga hadisin Mugira ɗan Shu'uba da ke cikin Buhari da Muslim, inda aka lissafa tozarta dukiya cikin abubuwan da Allah ya ƙi wa bayinsa. Mun saba fassara tozarta dukiya da almubazzarancin biki da liƙi, amma barin kayan aiki ya lalace saboda ƙyuyar duba shi tozartawa ce, har ta fi ta biki muni ta wata fuska, domin a biki wasu sun ci sun ƙoshi.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana zuwa ne daga ilmin tauhidi. Ɗaliban da suka karanta Ummul Barahin ta Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, sun tashi da aƙidar Ash'ariyya cewa babu wani abin halitta da ke da tasiri na ƙashin kansa. Wuta ba ta ƙonawa da ikonta, wuƙa ba ta yanka da ikonta, Allah ne ke halittar ƙuna da yanka a lokacin da abubuwan suka haɗu. Gazali ma ya tsaya a kan haka da misalin wuta da auduga a littafinsa na raddi ga masu falsafa. Idan haka ne, in ji mai wannan hujja, baƙin mai ba ya kare inji, Allah ne ke karewa, kuma wanda ya ce rashin mai ne ya kashe injin ya jingina aiki ga wanin Allah. Na karɓi farkon maganar gaba ɗaya, ƙarshenta ne bai biyo daga farkon ba. Sanusin nan da kansa ya lissafa hukuncin al'ada a matsayin ɗaya daga hukunce-hukunce uku, tare da na hankali da na shari'a, ya bayyana shi da cewa alaƙa ce tsakanin abu da abu da ake ganewa ta hanyar maimaituwa, wadda Allah zai iya saɓa mata in ya so. Abin da aka kore shi ne ikon sababi, tsarin yana nan daram. Allah ya ga dama ya gudanar da halittarsa a kan cewa duk inda ƙarfe ya gogi ƙarfe a bushe, zai halicci zafi da ci da narkewa, kuma bai taɓa yi wa manoman fadama alkawarin zai saɓa wannan dominsu ba. Wanda ya tayar da inji babu mai yana jiran ya zauna lafiya, keta al'ada yake nema, abin da ake kira mu'ujiza ga annabawa da karama ga waliyyai, kuma nemansa a kan rabin litar mai rashin ladabi ne ga Ubangiji. Sannan a lura da wani abu. Mai wannan hujja ya sayi fetur, ya ja igiya, ya shimfiɗa tiyo har bakin gona. Da ya yarda da maganarsa har zuci, da ya zauna a gida ya jira albasa ta sha ruwa da kanta. Sabubban da ya ga dama ya riƙe, wanda ya yi masa nauyi a aljihu kuma ya miƙa wa ƙaddara.

Sahabbai sun taɓa yin irin wannan muhawara a kan abin da ya fi inji girma. Lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham, da ya isa Sarg aka shaida masa cuta ta ɓarke. Bayan shawara ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddara ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka da raƙumansa a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora su da ƙaddarar Allah ya kora, amma ba wanda zai yaba wa wanda ya zaɓi ƙeƙasasshen. Labarin yana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik da Buhari da Muslim. Haka hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka umarce shi ya haɗa ɗauri da tawakkali. Haka nan baƙin mai mai kyau da marar kyau duk suna kan teburin mai sayarwa bisa ƙaddara, hannun da ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya shi ake tambaya.

Wani zai ce ga injin wane da bai san juye ba yana nan yana aiki shekara uku, ga na wane da ake lallaɓawa ya mutu cikin rani ɗaya. Ana samun haka, kuma wannan ne dalilin da ya sa aka kira shi rinjayen zato. Amma mutane suna tuna injin guda da ya tsira ne saboda abin mamaki ne, su manta da tarin waɗanda ke jibge a bayan rumfar makanike. Wani kuma zai ce an hana Musulmi cewa da na yi kaza da kaza bai faru ba. Hadisin yana cikin Muslim, sai dai jerinsa abin lura ne. Ya fara da umarnin mutum ya yi kwaɗayin abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya gaza, bayan wannan ne ya zo kan abin da za a faɗa idan musiba ta auku. Ƙaddara a nan magani ce ga zuciyar wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa, don kada baƙin ciki ya cinye shi. Shi ya sa malamai suka bambance tsakanin musiba da laifi, suka ce a kan ta farko ake fakewa da ƙaddara, na biyu tuba da gyara yake buƙata. Wanda ya yi sakaci ma an hana shi zama yana cizon yatsa, amma ba a hana shi gane abin da ya kashe injin ba, in ba haka ba na gaba ma haka zai mutu.

Fiƙihu bai tsaya dogon bayani ba, hukunci ya yanke. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, littafin da kusan duk almajirin ilmi a ƙasar Malam Abdullahi na Gwandu ya ratsa, ta nuna cewa wanda ya yi hayar kaya suka lalace a hannunsa ba a ɗora masa biya, ana gaskata shi sai in ƙaryarsa ta bayyana, kuma malaman mazhaba sun yi bayani cewa wannan sauƙi yana faɗuwa idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Ta kuma ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka bar musu. Ke nan idan mutum ya yi hayar inji a Maiyama, ya gudanar da shi kwana da kwanaki bai leƙa mai ba har ya kama, alƙali ba zai kore ƙarar ba don an ce ƙaddara ce, ko da yake alƙalin ya fi kowa imani da ita. Zai tambaya ne ko an yi abin da aka saba yi wa irin wannan kaya. Da ƙaddara uzuri ce, da babin lamuni gaba ɗaya bai shiga littafi ba, da na diyya ma. Abin mamaki, mutumin da zai kai maƙwabcinsa gaban mai gari a kan injin haya, shi ne zai yafe wa kansa irin wannan sakaci a kan nasa injin.

Hujjar talauci ita ce ta fi cancantar a saurare ta da tausayi. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin ban ruwa ya ninka, man galan ma ya tashi, kuma manomin da ke auna fetur da kwalba ba don wauta yake sayen baƙin mai na awo a bakin hanya ba. Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinta, wanda bai samu ba babu laifi a kansa. Amma a yi lissafi. Injin irin GX160 yana shan fetur fiye da lita ɗaya a awa idan yana aiki sosai, wato cikin awa 100 ya sha sama da lita 100, a daidai wannan lokaci kuma man da yake buƙata bai kai lita ɗaya ba. Wanda ya iya sayen na farko da wuya a ce na biyu ne ya gagare shi. Tsimin da ake yi a kan mai shi ne mafi tsadar tsimi a gonar, domin ƙarshensa sayen fistin da ringi ne, ko sabon inji, a daidai lokacin da albasa ke ƙwai. Waɗanda suka mayar da injinsu mai aiki da tukunyar gas kuma suna da wani tarko na daban. Gas ba ya baƙanta mai da wuri, sai mutum ya zare sanda ya ga man garau ya ce da sauransa, alhali sinadaran da ke cikinsa zafi ya riga ya cinye su. Da awa ake ƙidayar ran mai, launi yana yaudara.

Inda hujjar talauci take da gaskiya sosai shi ne ta nuna cewa nauyin ba na manomi ne kaɗai ba. Akwai wanda ya yi duk abin da aka ce, ya sayi galan mai suna, ya yi juye a kan lokaci, injin ya mutu duk da haka, saboda abin da ke cikin galan ɗanyen mai ne da ba a haɗa masa sinadaran hana ci da wanke datti ba, ko tsohon man da aka juye daga wata mota aka tace aka sake ɗurawa. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta sha kama irin wannan jabu. Ga wannan manomi abin musiba ce tsantsa, ya ce ƙaddara ce ya faɗi gaskiya a wurinta. Ga mai haɗawa da mai sayarwar da ya sani kuwa algus ne, irin wanda Annabi ya tona a kasuwar Madina da ya cusa hannu cikin tsibin abinci ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, ya kuma nesanta mai yin haka daga kansa, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira. Risala ma ta lissafa ɓoye aibi da gauraya marar kyau cikin mai kyau a jerin abubuwan da ba su halatta a ciniki. Algus na baƙin mai ya fi na hatsi ɓoyuwa, domin mai saye ba zai iya cusa hannu ya gane ba, sai bayan wata guda inji ya ba da shaida, lokacin da mai laifi ya yi nisa. Kuma a nan ne yawan cewa ƙaddara yake yin ɓarnar da ba a lura da ita ba. Muddin kowace bugawar inji tsautsayi ce, babu wanda zai tambayi inda aka sayo man, mai jabu kuma zai sake shimfiɗa hajarsa ranar kasuwa hankali kwance.

Saura uzurin rashin sani, kuma shi ne mafi sauƙin gyarawa. Littafin inji da Turanci yake zuwa, in ma ya zo, yawancin masu ban ruwa kuwa boko bai ratsa su ba. Annabi ya bar wa manoman Madina sanin yadda ake barbarar dabino, ya nuna cewa sha'anin sana'a masu ita suka fi saninsa, wannan kuma yana nufin sanin nan nauyi ne a kan masu shi su isar. A Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tun 2006, akwai malaman gona, akwai ƙungiyoyin manoman albasa da na makanikai. Abin da ake buƙata daga gare su takarda ce guda, da Hausar boko da ajami, a liƙa a jikin kowane injin da aka sayar ko aka gyara a Jega da Aliero da Maiyama: a duba mai kowace safiya inji yana zaune daidai, a bar shi ya ɗan ɗumama kafin a sakar masa wuta, a yi juye duk awa 100, a wanke matatar iska, a sayi mai a galan mai hatimi a wurin da za a iya komawa a yi ƙorafi. Limamai kuma, da suka saba huɗuba a kan tauye mudu, su sa masu jabun baƙin mai cikin jerin, su ambace su da sunan sana'arsu kafin lokacin ban ruwa ya kama.